Ƙotar Bahago

Bunguɗu.

Zuwa ga aminina Malam Arzika, Tsafe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka da ta fi ka taurin kai. Tun da aka rufe layukan waya muka koma zamanin da, ga ni riƙe da biro kamar ɗan firamare. Direban da zai miƙo maka takardar nan Sabiru ne, ɗan ƙanwata, kana iya ba shi amsa.

Mu nan dawa ta yi kyau, sai dai daga nesa muke kallonta. Zabi sun yi ƙiba a daji ba mai taɓa su. Nakan ɗauko bindigata in shafa mata man kaɗanya in mayar bayan ƙofa, iyakar farautar ke nan yanzu. Ƙotar da ka sassaƙa mini tana nan garau, ta fi mai ita lafiya. Har gobe ina ba yara labarin yadda ka ajiye keken ɗinkinka, mutane na jiran kayan sallah, kai kuwa kana bayan gida kana goga itace kyauta saboda son bindiga.

Ina ta kewaye-kewaye ne, Arzika, don ban san ta inda zan soma ba.

Makon jiya 'yan sa-kai na garinmu suka yi arangama da ɓarayin daji a bakin gulbi. Ɓarayin suka gudu suka bar babura da bindigogi. An tara kayan a gidan shugaban mafarautanmu kafin hukuma ta zo ta karɓa. Na bi jama'a na leƙa. A cikin tarin na hango wata mai baki ɗaya, ƙotarta ta maɗaci, da ɗigo-ɗigon gashin zabuwa irin wanda kake yi da ƙusa mai zafi. Bindiga uku ka yi wa wannan zane: taka, tawa, da ta ɗanka Mahadi. Tawa tana ɗakina, taka tana ɗakinka.

Ban taɓa ta ba, hannuna ya ƙi. Amma bakina ya riga hankalina, na ce a gaban mutane, “Wagga ai ta Mahadi ce, ɗan Arzika na Tsafe.” Sai da na ga ana kallon juna na gane ɓarnar da na yi. Ka yafe mini. Na ga ya fi kyau ka ji daga gare ni.

Ka gai da surukarka Husna da 'yar jikarmu. Allah ya sa mu ji alheri.

Naka,
Tambaya.

*

Tsafe.

Zuwa ga Malam Tambaya, Bunguɗu.

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na gode. Muna lafiya gwargwado. Gwiwa tana gaishe ka.

Labarin ya riga Sabiru isowa, don bakinka ya fi motarsa gudu. Ban yi fushi da kai ba, tun muna samari na san ba ka iya riƙe magana, shi ya sa zabi ke tashi kafin ka saita. Amma ka san halin da na shiga. Shekaranjiya a masallaci wanda ke kusa da ni a sahu ya matsa ya bar fili tsakaninmu. Mutumin nan ni na ɗinka masa rigar aurensa. Da na fito na ji wani na cewa, “Shi ya sa ba a taɓa bugo waya neman fansa ba. Wa ka neman fansar nashi?”

Ka san yadda abin ya faru. Bara da kaka Mahadi ya rataya bindigarsa ya ce zai zaga bayan gona ko ya samo wa Husna zabuwa, tana fama da kwaɗayin ciki. Bai dawo ba. Ba gawa, ba takalmi, ba waya. Na yi haƙuri da wannan. Abin da ba zan iya haƙuri da shi ba, a ce ɗan da na koya wa riƙon bindiga yana cikin masu ƙone rumbunan mutane. Ni ban yarda ba. Amma ni uba ne, shaidata ba ta da nauyi ko a wurina.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi. Ka koma ka ɗauki bindigar da hannunka kafin a tafi da ita. Mahadi bahago ne, kuma a jikinsa na auna ƙotar nan, daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa. A wuyanta, inda ake damƙa, na bar wani ɗan tudu ta gefen hagu wanda ke cika tafin hannun bahago. Mai amfani da hannun dama ba ya iya harbi da ita a haka, tudun yana tokare masa yatsu, dole ya fere shi. Ka duba ko tudun yana nan. Sannan ka duba inda kunci ke kwanciya. Gumin fuska yana baƙanta itace. Bahago ta gefen dama yake kwantar da kunci, saura ta gefen hagu.

Idan tana nan yadda na yi ta, to a hannunsa take har ranar da suka gudu, kuma ni ba ni da ɗa. Idan an taɓa ta, to ƙwace ta aka yi. Kai ma ka san Mahadi, ba a raba shi da wannan bindiga yana numfashi.

Da na zo da kaina, ba don gwiwa ko tsoron hanya na fasa ba. Idanuna za su nuna mini abin da nake so ne. Kai kuwa ba ka iya ƙarya ba, ko ka so.

Ka gai da mutanen gida. Ina jira.

Arzika.

*

Damba, Gusau.

Zuwa ga Baba na Bunguɗu.

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gai da Inna da yara. Ni ce ɗiyarka Shafa'atu, 'yar Malam Arzika, yayar Mahadi. Ka gafarce ni da na rubuto maka kai tsaye, da akwai waya ma kunya ba za ta bar ni in faɗi wannan da baki ba.

Na je Tsafe ranar Asabar. Na tarar da Babanmu zaune a bayan gida, kayan sassaƙarsa, gizago da magagari, a gabansa, ba ya aikin komai, kallonsu kawai yake. Tuwon da Husna ta kai masa ya sandare. Shi ya gaya mini saƙon da ya aiko maka, yana faɗa kamar wanda ya samo mafita. Ni kuwa na duba amsoshin biyu ban ga wadda za mu iya ɗauka ba. Ko dai ƙanena ɓarawo ne, ko kuma ya rasu. Kuma na ga wadda Baba yake roƙon Allah ya ba shi.

Zan faɗa maka abin da ban iya faɗa masa ba. Ni ina son Mahadi da rai, ko a ina yake. Na san wannan magana ba ta da kyau, a unguwarmu akwai matan da aka kashe wa maza, ina zuwa gidajensu gaisuwa. Amma ni na goye shi bayan rasuwar Innarmu. Mai rai yana iya tuba, yana iya dawowa wata rana ya ga Hafsatu, wadda aka haifa bayan tafiyarsa, ta soma rarrafe. Sau da yawa ana tilasta wa mutum ya bi ɓarayin nan, kai ma ka sani.

Tun yana ƙarami na tsani bindigogin nan. Sauran yara na ƙwallo, shi yana tsugune gefen Baba yana riƙe masa itace, su kwashe yini suna gardamar ko maɗaci ya fi kanya. Idan na yi magana su haɗa kai su yi mini dariya. Ban taɓa zaton wannan wasan nasu ne zai yanke mana hukunci ba.

Don Allah Baba, kada ka je. Ka bari hukuma ta kwashe kayan, ka rubuta masa ka ce ka makara. Maganar mutane za ta lafa. Husna har yanzu tana wanke rigunansa tana ninkewa. Ka bar mata wannan, ka bar mini.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ɗiyarka,
Shafa'atu.

*

Bunguɗu.

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu.

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Na karanta takardarki har Innarku ta nan gidana ta tambaye ni ko hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Na so in yi abin da kika ce. Na yi kwanaki ina kewaye gidan shugaban mafarauta ban shiga ba, ina fatan motar hukuma ta riga ni. Ba ta zo ba. Ke ba ki zaune a Tsafe, ɗiyata. Magana irin wannan ba ta lafawa, da ita Hafsatu za ta tashi, ita za a tuna mata ranar da wani ya zo neman aurenta. Kuma ni na jawo ta da bakina. Sannan babanki ya san ni, layi biyu zai karanta ya gane na yi masa ƙarya.

Na je yau da hantsi. Abin da na gani na rubuta wa babanki, shi ya kamata ya fara ji. Ki nemi izinin maigidanki ki shirya kaya.

Ki yafe wa tsohonki.

Tambaya.

*

Bunguɗu.

Zuwa ga aminina Malam Arzika.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka fatan ƙarfin zuciya. Yau ba zan kewaya ba.

Na je, kuma ban je ni kaɗai ba. Na ɗauki limaminmu da shugaban mafarauta da wasu dattawa biyu. Kafin a fito da bindigar na karanta musu abin da ka rubuta game da tudun da gefen kunci, don kada a ce daga baya na shirya magana. Sannan aka miƙo mini ita.

Arzika, an fere tudun. Da wuƙa aka yi, aikin ganganci, har an ci cikin zanenka. Wurin ba sabo ba ne, ya yi baƙi ya yi santsi kamar sauran itacen, hannu ya daɗe yana gogarsa. Shugaban mafarauta ya murza da babban yatsa ya ce, “Wanga yanka ya sha damina.” Na juya ta. Gefen dama, inda Mahadi ke kwantar da kunci, tabonsa yana nan amma ya koɗe, ƙura ta hau. Gefen hagu kuwa wani baƙin tabo ne sabo, na fuskar da ba mu sani ba. An kuma yanke gindin ƙotar da kamar faɗin yatsa uku, mai riƙe da ita gajere ne. Bakinta duk tsatsa, rabonta da mai tun tana hannun mai ita. Yaron da ke goge bindiga da gefen rawaninsa idan yayyafi ya taɓa ta ba zai bar ta haka ba.

Liman ya ce in sa ta a kafaɗar hagu in gwada. Na sa. Hannuna ya sami rami a inda ya kamata ya cika. Daga nan ban ƙara ganin komai sosai ba, sai ji na yi an karɓe ta daga hannuna an zaunar da ni.

Dattawan sun sa hannu a takarda, tana cikin wannan ambulan. Liman ya ce a karanta a masallacinku, kuma zai faɗa a namu ranar Juma'a. Na roƙi a ba ni ko ƙotar ce in kawo maka, aka ce kayan hukuma ne yanzu, ba a cire komai.

Ɗanka bai bi su ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mahadi, ya sa ya huta. Ni na fara ɗora shi kan kafaɗata zuwa farauta, ka bar mini rabona na kukan. Ina nan tafe da motar Sabiru ta jibi.

Naka har kullum,
Tambaya.

*

Tsafe.

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu.

Ina gaishe ki, ina gai da maigidanki da yara.

Takardar Tambaya ta iso. An fere ƙotar tun bara. Ƙanenki ba ɓarawo ba ne. Limaminmu ya karanta shaidar bayan sallar azahar, ni kuwa na miƙe na ce alhamdulillahi da ƙarfi, har na sahun baya suka ji. Mutane suka yi layi suna ba ni hannu. Na taho gida ina tafiya da sauri kamar an yi mini bushara.

Sai da na iso ƙofar gida na tsaya na tuna abin da na gode wa Allah a kai. Ko ba a gaya mini ba, na san abin da kika roƙi Tambaya, ban ga laifinki ba.

Husna ba ta sani ba tukuna. Ta ga na shigo da fara'a, ta tashi da sauri ta tambaye ni ko an ji labarinsa. Na ce mata sai kin zo. Tun ɗazu ina jin ta tana share ɗakinsa.

Ki taho gobe da motar farko. Ba zan iya gaya mata ni kaɗai ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Babanki,
Arzika.