Ranar da Aka Yi Makokina Ina Raye

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinta da ke Gwarzo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da na saba yi miki a bakin ƙofar ɗakinki, a durƙushe, kaina a sunkuye, kina amsawa kina kallon wani wuri dabam. Ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Ni dai ina nan Greensboro ta Amurka, garin da har kika koma ga Allah ba ki yarda kin faɗi sunansa ba, sai dai ki ce "can". Na tsufa, Inna. Na haura shekarun da kika bar duniya kina da su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya jikata ta kai ni gidan tarihin garin nan, inda zuriyar mutanen Ireland suke taruwa a watan Maris domin tunawa da kakanninsu da suka ƙetaro teku. Muna shiga na hangi wani tsohon akwatin katako a kusurwa, sai na je na tsaya a gabansa. Akwai labarin da ban taɓa ba ki ba, saboda ba irin wanda 'yar fari take ba uwarta ba ne. Yau zan ba ki shi.

Kin tuna safiyar da na bar gida, a ƙarshen shekarun saba'in, zan bi mijina Malam zuwa inda yake karatun noma. Kowa ya fito rakiya har bakin mota, ke ba ki fito ba. Na shiga na durƙusa, kika ce, "Allah ya kiyaye hanya," kika ci gaba da tsince shinkafa. Ban yi mamaki ba. Ni ce 'yarki ta fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "'Yar nan" kike cewa, ko "waccan". Na san kunya ce, na san haka uwarki ta yi miki. Duk da haka, a cikin jirgi na yi ta tambayar kaina ko tafiyata ta taɓa ki. Kafin in fita na ce miki baɗi zan zo. Baɗin ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, kullum da dalili: karatu, haihuwa, sanyi, wani karatun.

Muna zaune a gabashin gari, kusa da jami'a. A wani kantin yadi na haɗu da Misis Nora, dattijuwa ce mai farin gashi da dariya mai ƙarfi, tana zuwa aiki a mota daga wani ƙaramin gari, Pleasant Garden. Ta ga hular kwarashi da na saƙa wa ɗana, ta karɓa ta juya ta ciki da waje, ta ce kakarta ma haka take saƙa, kuma daga Ireland ta zo da hannun. Ita ta ja ni cikin matan da ke zama a gidan tarihi ranar Asabar suna saƙa. A can na ci burodinsu mai tauri wanda ake tsaga bayansa da wuƙa kafin a gasa. A can na ga yaransu suna rawa, ƙafafu suna ta aiki, hannuwa a manne da jiki kamar an ɗaure su. A can kuma na ji cewa yunwa ce ta koro da yawa daga cikin kakanninsu, lokacin da dankalin turawa ya ruɓe musu a ƙasa. Mutane ne masu riƙe tarihi, Inna. Cokalin da kakar kakarsu ta ci abinci da shi sai su sa a gilashi su rubuta sunanta a ƙasa.

Da Maris ya gabato, a farkon shekarun tamanin, Misis Nora ta ce za su nuna wa jama'a yadda kakanninsu suke sallamar matafiyi. Yarinyar da za ta fito a matsayin mai tafiya mura ta kwantar da ita. Misis Nora ta kama hannuna ta ce, "Ke ya kamata ki zauna a wurin. Duk cikinmu ke kaɗai kika ƙetare teku da gaske, mu labari muka gada." A wurinta girmamawa ce babba. Ni kuwa da na ji sallamar matafiyi, abin da ya zo mini shi ne addu'a, da guzuri, da 'yar nasiha. Na amsa. Na sa lalle, na fito da atamfar da Gwaggo ta ba ni, na ɗaura kallabi kamar mai zuwa suna. Malam ya sa babbar riga ya ɗauki yaro muka tafi.

Da rana ne, bayan azahar, ɗakin taron ya cika. An gyara dandamali ya zama kamar ɗakin talakan ƙauyensu: murhu, baƙar tukunya, kujeru 'yan tsugunno, da wannan akwatin katako da kakar Misis Nora ta zo da shi. A kansa aka zaunar da ni. Wani mutum ya fito ya yi wa jama'a bayani. Turancina a lokacin bai nuna ba, shi kuma yana magana da sauri, don haka ban kama komai ba sai kalmar jirgin ruwa. Amma na ga fuskar Malam a sahun gaba tana sauyawa. Na ga ya gyara zama.

Aka fara da kiɗa. Wani tsoho ya ja goge irin nasu, aka yi rawa, aka zagaya da shayi da burodi, kowa ya zo ya riƙe hannuna yana dariya. Na ce a raina, ashe mutanen nan da biki suke sallama. Har na saki jiki.

Sai kiɗan ya tsaya cak. Mata suka fito daga bayan labule sun lulluɓa da baƙaƙen mayafai, suka kewaye ni. Misis Nora ce a gaba, ta fito a matsayin uwata. Ta zube a gabana, ta rungume gwiwoyina, ta ɗaga kai sama ta saki wata irin murya da ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba. Ba kuka ba ce zalla, ba waƙa ba ce zalla. Tana hawa tana sauka, sauran matan suna amsawa suna rangaji. Na san wannan sauti ko da ban san harshen ba. Sautin gidan da aka fitar da gawa ne.

Malam ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya manta da inda yake, ya ce da Hausa da ƙarfi, "Subhanallahi! Taso mu tafi, makokinki suke yi!" Turawan da ke kusa da shi suka yi masa murmushi, sun ɗauka yaba wasan yake yi.

Inna, na so in tashi. Wane irin mugun fata ne wannan, a yi wa mutum kukan mutuwa yana zaune da lallensa a hannu, ɗansa yana kallo? Na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Amma ban iya motsi ba, kuma ba tsoro ne ya riƙe ni ba. Cikin dukkan kalmomin tsohon harshensu da take rerawa, guda ɗaya na gane, kuma ita take ta maimaitawa. Rakiya. Rakiya. Rakiya. Tana jan sunan, tana lanƙwasa shi yadda bakinta ya iya, hawaye na gaske suna zuba a kan atamfata. Ga ni da aure da ɗa, ban taɓa jin muryar uwa ta kira sunana ba sai a ranar, a bakin baturiya, a gaban baƙi, a wurin makokina.

Ban san lokacin da aka gama ba. Na ji tafi kawai. Misis Nora ta share fuska, ta dube ni, nan take ta gane an yi ɓarna. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ta ɗauka na sani. Malam yana huci ya fassara mini abin da mutumin nan ya faɗa tun farko: a zamanin da, wanda ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka ba ya komawa. Iyayensa sun san ba za su ga gawarsa ba, shi ma ba zai ga tasu ba. Don haka sai su yi masa makoki tun yana nan, ya ji da kunnensa, su sallame shi gaba ɗaya.

Na tambaye ta ko kakarta ba ta taɓa niyyar komawa ba. Ta ce, "Kullum da niyyar take kwana. Duk shekara sai ta ce baɗi. Labarin rasuwar uwarta ma sai da ciyawa ta rufe kabarin sannan ya iske ta." Ta shafa akwatin ta ƙara da cewa, "Ba ta taɓa yarda an kai shi ɗakin ajiya ba, wai za ta buƙace shi."

Nawa akwatin yana ƙarƙashin gado, Inna, shi ma ban yarda an ɗaga shi ba.

A mota Malam yana ta faɗa, wai ba zan sake taka gidan tarihin nan ba, wai sai an yi sadaka. Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa sadaka za a yi, amma bana zan je gida. Ya ce in bari ya kammala kundin digirinsa mu tafi tare baɗi. Na ce masa kada ya sake faɗa mini wannan kalma. Tun da muka yi aure ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ya ci gaba da tuƙi. Allah ya jiƙansa, damina ba ta kai tsakiya ba sai da ya sa ni a jirgin Kano.

Ban aiko da ranar isowata ba. Na sauka daga mota da yamma, na shiga zaure da yaro a kafaɗa, ina shirin yin sallama, sai na ji muryarki daga tsakar gida, tar, ba kunya ba ɓoyo: "Rakiya! Rakiya, zo nan!" Jakata ta faɗi. Ban san sanda na amsa ba, da dukkan ƙarfina: "Na'am, Inna!"

Gidan ya yi tsit. Na shigo na same ki a tsaye da ludayi a hannu, wata 'yar yarinya mai tatata tana riƙe da zanenki. Kika dube ni daga sama har ƙasa. Sannan kika juya ga tukunya kika ce, "Ba da ke nake ba."

Ƙanwata Ladidi ce ta warware mini daga baya, tana dariya tana share ido. 'Yarta ce, an sa mata sunana. Duk gidan ana ce mata Takwara, domin kowa ya ɗauka ba za ki iya furta sunan ba. Sai ga shi ke kaɗai kike kiranta da shi, tun safe har magariba, ko da ba abin da za ta yi miki. Matan gida har tsokanarki suke yi, "Inna, ina kunyar?" Ki ce musu, "Wannan ai ba ni na haife ta ba."

Ladidi ta faɗa mini wani abu kuma. Ranar da na tafi, motar tana ɓacewa kika ajiye shinkafar nan, kika sa aka daka gumba aka rabar, kika shimfiɗa tabarma a ɗaki kika zauna kina fuskantar bango. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna zama shiru, suna fita. Wata tsohuwa ma ta yi suɓul da baka ta ce miki, "Ya ƙarin haƙuri?" kuma kika amsa. Ashe kin riga mutanen Ireland. Ashe makokina biyu, ɗaya a Gwarzo ba murya, ɗaya a Greensboro da kururuwa, kuma ni ban san da na farkon ba sai da na biyun ya koro ni gida.

Na yi wannan damina a gabanki. Kin ɗauki ɗana kin goya, kin tauna masa gyaɗa, kin yi masa duk abin da ba ki yi mini a gaban mutane ba. Ranar komawata ma ba ki fito ba. Na durƙusa, kika ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban ce miki baɗi ba, ke ma ba ki tambaya ba. Ina bakin zaure na ji kin ɗaga murya kina kiran yarinyar, alhali tana zaune a kan cinyarki. Wannan karon ban amsa ba, don kada in ba ki kunya. Na tsaya dai a zauren har kika gama.

Ganinmu na ƙarshe ke nan. Da ban zauna a kan akwatin nan ba, da shi ma ban samu ba. Misis Nora ta rasu tuntuni. Har ƙarshen rayuwarta tana ba ni haƙuri a kan wannan rana, ni kuma ina ce mata ta daina, ba ta san abin da ta yi mini ba. Makon jiya na tsaya a gaban akwatin kakarta, yaran zuriyarsu suna ta rawa da korayen riguna a bayana, jikata tana tambayata da Turanci me ya sa nake kuka a wurin biki. Na ce mata wata rana zan gaya mata, in Hausarta ta yi ƙwari.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Allah ya saka miki da Aljanna a kan kukan da kika haɗiye. Allah ya dubi duk uwar da ta sallami ɗanta zuwa wata ƙasa, ko ta yi kururuwa ko ta fuskanci bango. In ya ƙaddara mana saduwa a gidan da ba a sallama, ki kira yadda kika ga dama. Ko "'yar nan" kika ce, na san da wa kike, kuma zan amsa.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Rakiya
Greensboro