Saura Kwana Talatin Hure Ta Fita Takaba

Talata, 12 ga Maris, 1996

An rufe makaranta yau. Sanƙarau ya shigo garinmu, mutum biyar cikin mako guda, uku yara ne. Asibitoci sun cika, don haka a azuzuwanmu za a riƙa kwantar da marasa lafiya. Hedimasta ya miƙo mini rajistar rubuta sunayensu, wai rubutuna ya fi na kowa kyau. Ni Dabo, da ko kaza ba na iya tsayawa in ga an yanka.

Kuma Hure tana gari. Mijinta ya rasu a Kano cikin watan Rajab, gidan haya suke, sai ta dawo wajen mahaifiyarta, Inna Asiya, ta ƙarasa takaba. Na lissafa: saura kwana talatin.

Alhamis, 14 ga Maris

Na je gaisuwa. Ta bayan zana muka yi magana, ban ga fuskarta ba. Muryar tana nan yadda na barta.

Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Shekara goma sha takwas ke nan, kowa a garin nan ya san ni da Hure. Saura kawai Kawu Ɗanliti ya je ya nema mini, sai takardar kwalejin horon malamai ta zo. Na ji tsoron in ce ta jira ni ta ƙi, na ji tsoron in ce ta haƙura ta yi kuka. Sai na hau mota ban ce komai ba. Damina biyu ta jira, sannan ta auri tela. Ni ma na yi aure, matata Fadima ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta.

Yau da na tashi tafiya ta ce, "Malam Dabo, har yanzu kana in'ina in ka rikice?" Na yi in'ina wajen cewa a'a.

Lahadi, 17 ga Maris

Suna goma sha tara a rajista. Bakwai sun rasu, na ja musu layi.

Sista Marta, malamar asibitin da aka turo mana, ta koya mini gwaji: mutum ya sunkuya haɓarsa ta taɓa ƙirji. In wuya ya ƙi lanƙwasa, shi ke nan. Yau na gwada kaina ya fi sau ashirin. A bakin ƙofa nake ajiye tebur, ba na shiga ciki. Ta lura. Zafi kamar a bakin murhu.

Talata, 19 ga Maris

Na tambayi Liman Badaru, wai wani abokina ne ke son sani. Ya ce mai takaba ba a furta mata maganar aure, haramun ne, sai ta fita. Ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya ƙara haƙuri, ai gwani ne wajen yin shiru."

Kunya kamar in nutse.

Laraba, 20 ga Maris

Masu allurar rigakafi sun zo, kwana biyu kawai za su yi. Layi tun daga ƙofar mai gari har bakin rijiya. An yi mini. Na tsaya ina duban layin mata, ba Hure.

Na ji tsofaffin unguwarsu sun ce mai takaba ba ta fita cikin taron maza. Na san ba haka ba ne, lalura ce, Liman da kansa zai faɗa. Na kama hanyar gidansu, na isa gindin kukar unguwarsu, sai na hango mutane zaune a dakalin ƙofar. Me za su ce? Dabo ya fara zarya gidan mai takaba, mijin ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Na juyo.

Gobe da sassafe zan sa Liman ya je.

Alhamis, 21 ga Maris

Liman ya tafi jana'iza ƙauyen gaba. Kafin azahar allura ta ƙare, motar ta tafi.

Juma'a, 22 ga Maris

Ba komai. A cikin gida take, ba ta shiga mutane, ina za ta same shi? Haka nake ta gaya wa kaina.

Juma'a, 29 ga Maris

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi aka kawo ta a amalanke. Wanta Sabo ne ke jan shanun, Inna Asiya na biye ba takalmi. Kanta ya sandare ya koma baya, idonta a rufe gam, hasken rana ma ciwo yake mata. Rabona da fuskarta shekara goma sha takwas, sai ga yadda na gan ta.

Sista Marta ta ce, "Suna?" Sabo ya buɗe baki, na riga shi. Lamba ta sittin da uku. A aji biyar aka shimfiɗa ta, ajina, ƙarƙashin allo.

Da ma na je ranar Larabar nan. Taku arba'in ne daga kukar zuwa ƙofarsu.

Asabar, 30 ga Maris

An yi mata allura. Ba ta san wanda ke kanta ba. Biyu sun rasu a ajin yau, ɗaya tabarmarta na jikin ta Hure. Da na ɗauki rula zan ja layi sai da na duba lambar sau uku.

Ya Allah, kar ka sa ni in ja wa wannan suna layi. Ina tsoro. Ina tsoron ta mutu, ina tsoron in shiga in ɗauka, kuma ina jin kunyar tsoro na biyun.

Lahadi, 31 ga Maris

Inna Asiya ta yanke jiki ta faɗi don gajiya, aka kai ta inuwa. Sista Marta ita kaɗai da mutum talatin. Ta fito ta miƙo mini kofi da cokali, ta ce, "Malam, ta aji biyar tana buƙatar ruwa. In ba ka iyawa ka faɗa."

Na shiga. Na durƙusa kusa da ita, na fara ba ta ruwan. Cokali goma sha ɗaya ta haɗiye. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina, na ce in ta tafi ba ta ji ba fa? Saura kwana goma sha ɗaya. Na haɗiye abata, na yi ta karanta mata Fatiha.

Mutane sun gan ni ta taga. Su gani.

Laraba, 3 ga Afrilu

Zazzaɓi ya sauka! Ta buɗe ido, ta nemi kunu. Alhamdulillahi.

Amma da Inna ta kira ta ba ta waiwayo ba. Sista ta tafa hannu a bayan kanta, ko gezau. Ta ja ni gefe ta ce ciwon yakan tafi da ji. Wani lokaci ya dawo, sau da yawa ba ya dawowa.

Na zagaya bayan aji na zauna. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Jiya ta fita takaba. Yau bayan an sauko masallaci na je. Dakalin cike da mutane, na yi sallama na wuce ta tsakiyarsu. Sabo ya shiga ya fito da ita zaure. Ta rame, sai ido.

Na faɗa. Duka na faɗa: laifin da na yi mata da, da na ranar allura, da abin da ya kawo ni. Ashe da ƙarfi nake yi, don na ji dakalin ya yi tsit.

Ita bakina kawai take kallo. Da na gama ta ce, da muryar wanda ba ya jin kansa, har waje ana ji, "Ban ji ko ɗaya ba, Dabo. Amma na ga bakinka ya daɗe yana motsi. Gobe ka dawo ka sake, a hankali."

Har yanzu ana kawo marasa lafiya, kuma ban ce na daina tsoro ba. Daga can dai gidan Kawu Ɗanliti na wuce, na ce ya wanke babbar rigarsa. Ya tambaya ko ta amsa. Na ce tukuna, gobe zan sake.