Hotona da Kuke Kafawa a Jami'a

Zuwa ga Ustaz Marwan, shugaban sashen ɗaukar ma'aikata na kamfanin akantocin da na yi wa aiki a Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Nazifi Haruna. Idan sunan ya ɓace maka, ka shiga ɗakin ajiyarku ka warware dogon allon tallan da kuke kafawa a jami'a ranar baje kolin ayyuka. Saurayin nan mai shuɗiyar kwat da ke washe baki a tsakiya, ni ne.

A asibitin Shumaisi aka haife ni, a unguwar Gubaira na tashi, duk a nan Riyad. Mahaifina direba ne, kuma a ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, na yi rayuwata duka. Ɗa namiji ba ya dawwama a iƙamar ubansa. In ya gama karatu, ko dai ya sami wurin aikin da zai karɓi kafalarsa, wato ya tsaya masa kan izinin zama, ko ya tattara ya bar ƙasar. Ka san wannan sarai, domin shi ne abin da na fara faɗa maka ranar da muka haɗu.

Na farko. A shekarata ta ƙarshe ka zo jami'armu da teburinka da alewarka. Ka duba sakamakona, ka riƙe hannuna ka ƙi saki, ka ce in fara da horon aiki, kafin shekara ta juyo za a maida kafalata wurinku. A makon nan wani dattijo mai ƙaramin ofishin akanta a unguwar Murabba, saman shagon labule, ya ce in zo zai karɓe ni nan take. Na je har ofishinsa na ba shi haƙuri saboda maganarka.

Na biyu. Aiki kam na yi shi, kuma ba kukansa nake yi ba. Lokacin binciken ƙarshen shekara ni ake turawa ƙirgar katan-katan a sito mai sanyi har yatsuna su daina ji, ni ne mai bin rasit ɗaya bayan ɗaya yayin da manya ke shan gahawa da masu kamfani. Haka kowane sabon shiga yake farawa. Amma duk lokacin da na tsaya a ƙofarka kan batun kafala, amsar ba ta canzawa: bukra in sha Allah, kullum sai gobe, takardun suna wurin lauya. Wannan lauya dai har na bar wurin ban ga ko takalminsa ba.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da lokacin baje koli ya zagayo, ka sa aka ɗauke ni hoto, aka buga shi ya fi ni tsawo. Ka kai ni jami'ar da na fito, ka tsayar da ni gefen hoton, ka ce duk ɗalibin da na ga ɗan ƙasarmu ne in yi masa yarenmu, in gaya masa a nan ba a bambanta baƙo, kuma ana karɓar kafala. Na faɗa musu da Hausa, har da wallahi, domin ni ma na yarda. 'Ya'yan direbobi da 'ya'yan ma'aikatan jinya irina suka cika teburinka, ba don alewarka ba, don sun san gidanmu.

A ranar nan mahaifina ya ajiye motar mutane, ya shigo da farar jallabiyarsa ya ɗauki hoto da allon nan, ya tura wa dangi a Kano. Ranar Juma'a aka dafa shinkafa da nama aka kai wa jama'ar masallacinmu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa wasu ƙofar mota, ranar ya zauna ana zuwa ana yi masa barka. Kai ka sa shi wannan murna, kana sane da abin da ke tafe.

Na huɗu. Ana gama aikin shekara ka kira ni, ko kujera ba ka nuna mini ba. Ka ce ƙa'idar ɗaukar 'yan ƙasa ta cike gurbi, babu wurin baƙo. Ni ba ni da rigima da doka, ƙasa da masu ita. Amma ƙa'idar ba da safiyar ranar aka kafa ta ba. Na tambayi waɗanda suka riga ni yin horo a wurinku, ban sami baƙo ko ɗaya da kuka riƙe ba. Ashe tsarin ke nan: a kwaso mu lokacin da aiki ya yi yawa, a sallame mu in ya lafa, a sake warware allo. Na koma Murabba da kunyata, na tarar dattijon ya ɗauki wani. Yanzu an buga mini bizar fita ta ƙarshe. Zan koma Kano, garin da na sani da hutu kawai, in bar uba da idonsa ya fara rauni da uwar da ni ke kai ta asibiti.

Ban yafe ba, Ustaz, kuma ba na neman a ba ni haƙuri. Buƙatuna ke nan: ka cire fuskata daga allonku. Ka tara yaran da suka shigo ta bakina, waɗanda ke can yanzu suna jiran bukra, ka faɗa musu gaskiya tun suna da sauran lokacin neman wani wuri.

Idan ka ƙi, baje kolin bana zai zo kafin ranar tafiyata, kuma tsohon ɗalibi ba a hana shi shiga. Na riga na goge shuɗiyar kwat ɗin. Zan tsaya daidai inda ka tsayar da ni bara, ba ihu, ba zagi, ba zan taɓa ko alewa ɗaya ba. Duk wanda ya kalli hoton ya kalle ni, zan yi masa yarenmu kamar yadda ka koya mini. Wannan takarda kuma ta riga ta shiga wayoyin ɗalibanmu da iyayensu, daga Gubaira har Shumaisi.

Na iya Larabci, na iya Turanci, amma da gangan na rubuta da Hausa, harshen da ka yi amfani da shi ka jawo mu. Na san ba ka jin ko sannu. Sai ka hau sama ka nemi ɗaya daga cikin yaran nan ya tsaya gabanka ya fassara maka, layi bayan layi, yana kallon idonka.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya raya 'ya'yanka, ya haɗa su da shugaba mai cika alkawari irin naka. Ni kuma Allah ya bi mini hakkina.

Wassalam.

Nazifi Haruna,
Gubaira, Riyad.