Talatin da Bakwai a Debe Sha Bakwai

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya ɗawainiyar jinya? Allah ya ba ta lafiya, ya dawo mana da ke.

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin malamai, in fita, in leƙa ɗakin gwaji, in dawo. Kin tuna jarrabawar zaɓar ɗalibai ukun da za su je gasar kimiyya, wadda Auta ta zo ta uku? To, na tafka kuskure, ni da kike tsokana da Malam Ba-ya-kuskure.

Tambayar ƙarshe a kan sinadarin kulorin-37 ce, a faɗi yawan ƙwayoyin da ke cikinsa. Firoton sha bakwai, ilektiron ma haka. Niyutiron kuwa sai an debe sha bakwai daga talatin da bakwai, saura ashirin. Amma na yi shekara da shekaru ina koyar da kulorin-35, mai niyutiron sha takwas, sai hannuna ya rubuta sha takwas a takardar amsoshin da nake ba da maki da ita. Sabo turken wawa! Yaran ma haddar darasina suka zuba, har Auta. Yarinya ɗaya ce ta zauna ta yi lissafi ta rubuta ashirin, 'yar mai gadin makaranta, na kuwa soke mata da jan biro. Ita ce ta huɗu. In na gyara, ta haye, Auta ta sauko.

Ba wanda ya sani sai ni, kuma jibi za a aika sunaye. Auta har ta goge kayan makarantarta ta rataye. Wallahi tsoro nake ji, da kunya.

Ki sa ni a addu'a.
Naki, Baban Auta

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaisuwa, a duba mini Inna.

Na kai wa shugaban makaranta takardar Auta da ta 'yar mai gadi da hannuna. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sauya sunan. Mai gadi ya bi ni har bakin titi yana godiya, ni kuwa kamar in nutse.

Da kaina na faɗa wa Auta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta sauke kayan ta ninke. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ina ta kai-kawo a ƙofar ɗakinta na kasa shiga.

Yau da safe na buɗe jakata a aji, sai ga 'yar takarda da rubutunta: 37 − 17 = 20. A ƙasa ta ba kanta maki da jan birona, wanda tun jiya nake nema.

Ki dawo da wuri, don Allah.
Naki, Baban Auta