Hassadar da Ba Hassada Ba

Daga Abu Hujar, zuwa ga ɗana Saifuddeen a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau. Kogi ya ja baya, mun dasa albasa a bakinsa, Iyarku kuma tana nan da ƙarfinta, sai dai kunnen nan nata da ya ƙara nauyi.

Tun ina saurayi, zamanin da muke zuwa cirar auduga wajen Hasahisa, na ji wani ya ce akwai mutanen da ƙamshi ke sa wa ciwo. Na ɗauke ta hirar gajiyayyu a inuwa. Turare dai, wanda ake shafawa a je Juma'a? Ashe maganar tana jirana a cikin gidana.

Ka san ƙaiƙayin da ya kama ɗiyarka Lubna, amaryata ta ƙarshe. A waya mun riƙa ce maka ɗan ƙurji ne, don kada hankalinka ya tashi. Yanzu da sauƙi ya samu, bari ka ji yadda aka yi. Lanƙwasar hannunta da bayan gwiwa da wuya duk sun bushe sun tsattsage, tana susa har jini. Barci ya gagare ta, ya gagari uwarta Sakina. Yara suka daina wasa da ita, wai ƙazuwa ce. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma zama bayan ƙofa.

Sakina ta kai ta wurin mai sayar da magani, ya duba ya ce da Larabci hassasiyya ce, wato jikin da ba ya jituwa da wasu abubuwa. Ta dawo ta faɗa wa Iya. Iya kuwa da kunnenta, hassada ta ji. Nan take ta tuna cewa maƙwabciyarmu Samira ta yaba santsin fatar Lubna a wajen wani suna, kuma wai ba ta ce Masha Allah ba. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Aka daina aika wa Samira tuwo, aka ɗauko kasko. Safe da yamma Iya tana turara yarinya da bakhur, turaren wuta na korar mugun ido, ta wanke ta da sabulu mai ƙarfi da soso, ta bi ta da humra. Sakina ta san kalmar da aka faɗa mata, amma ina suruka za ta buɗe baki ta gyara wa uwar miji magana? Hayaƙi yana ta tashi, fata tana ƙara lalacewa.

Da wurin ya fara ruwa, muka hau mota zuwa Sinnar ni da Sakina. Muka sami likitar fata, Dakta Sabah, mace mai haƙuri. Tana ɗaga rigar Lubna ta shinshina, ta tambaya ko amarya muka kawo mata. Na ce tawa ce, amma ba a ɗaura ba tukuna. Ta yi dariya, sannan ta ce sunan ciwon ikzima, ba ya yaɗuwa, kuma ba aikin kowa ba ne. Ta tambaya ko akwai mai fuka a dangi, na tuna da ƙirjinka lokacin ƙuruciya, ta ce sau da yawa gida ɗaya suke fitowa. Ta ce likitoci sun daɗe suna bincike a kansa, sun gano fatar irin waɗannan yara ba ta riƙe danshi. Don in gane, ta kwatanta mini da baƙar ƙasar noma ta yankin Jazira da rani, yadda take daddarewa komai ya faɗa ciki. Hayaƙi da turare da sabulu mai zafi, in ji ta, su ne suke faɗawa.

Ta ba da wani man shafawa da za a sa kaɗan a inda ya yi ja, na 'yan kwanaki kawai. Sauran kuwa aikin gida ne: wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, babu soso, a shafe ta da basilin marar ƙamshi tun jiki bai bushe ba, rigar auduga, a yanke farce. Ba ta yi mana alkawarin rabuwa da shi ba. Ta ce yana tafiya yana dawowa, amma yara da yawa yana sakinsu in sun girma.

Ni na ɗauki nauyin faɗa wa Iya. Na matsa kusa da kunnen mai kyau, na rarraba mata kalmar gaɓa-gaɓa. Sai ta ce Larabawa ma dai ba su iya raɗa wa ciwo suna ba. Amma da kanta ta kife kaskon, kuma yanzu ba ta yarda kowa ya shafa wa Lubna mai sai ita. Tuwo ma ya koma tsallaka katanga, har da man shanu a kai. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

In za ka yi aike, don Allah kada ka sa turare a kayan yarinya, ka nemo riguna na auduga zalla. Ka gaida ƙanenka Kamal, da Malam Sharfuddeen mai masaukinku, da iyalinsa Fauziyya. Iya da Sakina suna gaishe ka.

Kada ka ce tsoho ne ke kwantar maka da hankali. Fatar ta lafa, Lubna ta koma wasa da yara, tana barci har sai an tashe ta. Wadda ta tabbatar mini da haka ta ƙarshe, jiya da hantsi, ita ce Samira. Ta leƙo ta katanga ta ce ta kwana biyu ba ta jiyo kukan yarinyar ba, sannan ta ɗaga murya yadda Iya za ta ji, ta ce Masha Allah.

Mahaifinka mai yi maka addu'a,
Abdulƙadir Osman