Za a yi wa ɗakin daddawarta fenti

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka rufa mini asiri ka ɓoye sunana, don a Illo kowa ya san ni da tsiya, in aka ji na zo nan ina hawaye na shiga uku. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da rubutuna, ni da boko mun rabu tun ba mu gama gaisawa ba.

Matata ta rasu bara da damina. Sana'arta daddawa, tun tana amarya har tsufa, mata har daga tsallaken Benin suke zuwa saye wurinta. Akwai ɗan ɗaki a bayan gida inda take rufe kalwa in ta dafa, kuma duk wanda ya san daddawa ya san abin da ke fitowa daga irin wannan ɗaki. Ni ko ban taɓa barinta ta huta ba. Nakan ce ko makaho aka sauke a tasha hancinsa zai kawo shi gidanmu, nakan toshe hanci da hula in wuce ina tari na ƙarya. Ita kuma ta ce in tsohon banza ya gama tarin ya zo ya ci tuwo, ai miyar da warin aka yi ta. Haka muka tsufa.

Da ta rasu na zauna ni kaɗai, har ran nan na zame a banɗaki, sai da maƙwabci ya ɗaga ni. Ɗiyata ta fari da ke aure a Birnin Kebbi ta ce ba ta yarda ba, in koma wurinta, a gyara gidan a sayar. Na amince, don gaskiya ƙafafun sun fara yi mini gardama. Ta zo muka shiga fitar da tarkace, kuma wallahi na ba da haɗin kai. Jarkokin da nake tarawa tun ina tsallakar da man fetur zuwa Benin, rediyoyin da suka mutu ina cewa zan gyara, tayoyin keke, takalmi ƙafa ɗaya, duk na bari aka kwashe, ina ma yi wa kaina dariya. Kayan sawar marigayiya aka raba wa 'yan'uwanta. Tsakar gida ta buɗe, har na ga ashe muna da fili haka.

Sai dillali ya kawo mai saye. Mutumin ya zaga ko'ina yana gyaɗa kai, da ya isa bayan gida sai ya toshe hanci da hularsa, daidai yadda nake yi. Jama'a, ban san sanda na kore su ba. Dillali ya gaya wa ɗiyata babu mai sayen gidan sai an kwashe tukwane da buhuna da kwandunan ɗakin, an kankare bango an yi fenti.

Nan muka saɓa da ita. Ta ce Baba kai ne fa kullum kake cewa a rushe ɗakin nan, yau kuma ka zama mai gadinsa. Ta ce ita ma uwarta ce, amma uwarta addu'a take buƙata ba tsohon buhu ba, kuma ba za ta iya barci ba tana tunanin na sake faɗuwa babu kowa. Ta yi kuka, ni kuma na ce ta koma gidan mijinta, maganar da har yanzu take ci na.

Abin da na kasa gaya mata shi ne, in na idar da sallar la'asar can nake shiga in ja ƙofa in zauna. Hoto ina da shi a waya, amma hoto ba ya yi mini komai. Warin nan kaɗai ne in na shaƙa sai in ji kamar ta fita ɗebo ruwa ne, yanzu za ta shigo ta ce in tashi mata daga kan buhu. Na cusa tsumma a taga don kada iska ta kwashe shi, duk da haka raguwa yake yi. Da daga bakin ƙofa yake tarbata, yanzu sai na sa hancina cikin kwando.

Ɗiyata ta kira jiya, ta ce mai fenti zai zo ranar Asabar in na yarda, in ban yarda ba ita ba za ta sake yi mini magana ba. Ban son in rasa mai rai saboda wadda ta tafi, kuma ban san yadda zan tsaya ina kallo a shafe ta da fenti ba. Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini, in buɗe masa ƙofar, ko in roƙi yarinyar nan ta ƙara mini lokaci har warin ya ƙare da kansa? Don na lura ba zai daɗe ba.