Kan Layar Ramatu da Kuka Ce Na'ura Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa na Ƙungiyar Tseren Motocin Yara, reshen Lyon.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, har da mai binciken motocinku, wanda ban san sunansa ba amma na san almakashinsa.

Sunana Lawali Mamman, haifaffen Damagaram, mazaunin Sevran a bayan birnin Paris. Aikina ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Saint-Denis. Ni ne uban Ramatu, 'yar shekara goma sha biyu, mai mota lamba arba'in da bakwai, wadda kuka fitar daga tseren ƙarshe a filinku na kusa da Lyon cikin watan Yuni, kuka kuma riƙe lasisinta har yau. Sau biyu na rubuto muku da Faransanci mai kyau, irin wanda na sha bulala a lakwal, wato makaranta, kafin na iya, ban ga amsa ba. Shi ya sa wannan karon na rubuta da Hausa, kuma a fili. Na lura ko da wane harshe na rubuta ba karantawa za ku yi ba, to gara in zaɓi wanda 'yan'uwana na unguwar Goutte d'Or a Paris za su karanta, tunda sun hana ni sakat da tambaya.

Na farko, ka yi mini haƙuri in bayyana wasan saboda su. Motar wata siririya ce, doguwa, ƙasa-ƙasa, da inji a baya da bai fi na janareta girma ba. Yara biyu ke jerawa a kan hanya miƙaƙƙiya ta mita ɗari biyu. A gabansu akwai sanda mai fitilu: rawaya, rawaya, rawaya, sai kore. Wanda ya tashi kafin kore ya faɗi nan take, jar fitila ta kama shi. Wanda ya yi jinkiri kuma an bar shi. Duk wasan yana cikin wannan ƙiftawar idon, don haka doka ta hana sa wa mota kowace irin na'ura da za ta taya yaro tashi. Dokar nan na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma na sa mata hannu.

Ramatu tana da shekara takwas wani abokin aikina ya gayyace mu kallo. Ni na toshe kunne, ita kuwa ta dawo gida ba ta da zance sai wannan. Na yi zaton ciwon sati ɗaya ne. Bayan shekara sai ga ni na sayo tsohuwar mota daga hannun wasu mutanen da ɗansu ya girme ta, na ajiye a garejin ƙasan benenmu na unguwar Beaudottes, ni da ban taɓa canja wa mota taya ba. Yau ina kwance injin nan in ɗaura, kuma ƙusa biyu kawai ke saura. Duk ƙarshen makon da ake tsere muna jan ta a bayan tsohuwar motata mu kama hanyar Lyon, uwar Ramatu a gaba da kular tuwo, mu yi salla a gefen wurin shan mai direbobin manyan motoci suna kallonmu. Shekara uku muna haka. Ba wanda ya tilasta mini, kuma ban zo neman tausayi ba. Ina so ka san dai ba daga sama muka faɗo filinku ba.

Na biyu, tarihin na'urar da kuka kama. Ranar da mahaifiyata, Hajiya Inna, ta ji cewa jikarta tana shiga wata mota mai wuta a baya, ta kira ni daga Damagaram ta wanke ni tas. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin uban da ke tura 'yarsa da hannunsa kan hanyar haɗari ba, kuma wai har da tafa mata. Da ta ga ba zan fasa ba, sai ta sa malaminta ya rubuta laya, baduku ya ɗinke ta da baƙar fata, ta ba wani ɗan kasuwa ya kawo shagon waya a Goutte d'Or, tare da kilishi da yaji. Ni kuwa shekara ashirin ke nan muna jayayya da Hajiya a kan laya. Na yi karatun kimiyya, na kuma ji wa'azi, duka biyun sun hana ni rataya ta. Na cinye kilishin, na jefa layar cikin durowar da muke tara tsofaffin cajar waya, na ce wa Hajiya saƙo ya iso. Ban yi ƙarya ba, ya iso.

Abin da ban sani ba shi ne Ramatu ta ɗauke ta. Rigar tsere ba ta da aljihu, kuma an hana rataya komai a wuya saboda gobara. Sai ta yi dabara irin ta 'yar makaniki: ta samo baƙin tef na masu aikin lantarki ta naɗe layar tsaf, ta manna ta ƙarƙashin kujera, dab da wayoyin batir, igiyar fatar tana reto. Ranka ya daɗe, in faɗi gaskiya, ko ni na leƙa na gan ta haka da sai na ce na'ura ce. A nan ban ga laifin mai bincikenku ba.

Na uku, ranar da abin ya faru. A shekarunta biyu na farko jar fitila ce abokiyar Ramatu. Tsoro ke sa ta tashi da wuri, ta fito tana kuka cikin hular kwano don kada a gani. Bana sai ta natsu. Na ɗauka horon da nake ba ta ne, har na fara ba wasu iyaye shawara. A Lyon ta wuce zagaye uku ba gargada, ta ci na kusa da ƙarshe. Sai uban wani yaro ya kai ƙara cewa tashin yarinyar nan ya yi kyau da yawa. Aka tura motar rumfar bincike. Mai bincike ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya ɓamɓaro abin, ya ɗaga shi sama da yatsa biyu, jama'a suka taru. Da ya ware tef ɗin na ga ɗinkin badukun garinmu, sai na ji kunya ta rufe ni.

Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce takarda ce da addu'a a ciki, kaka ta aiko. Ya ce to, a buɗe a gani, ya jawo almakashi. Kafin ya kai hannu Ramatu ta fizge ta daga kan tebur ta dunƙule a hannu. A nan zan faɗi abin da ban rubuta a wasiƙuna biyu na baya ba, don yana yi mini nauyi. Ni ma na goyi bayan almakashin. Na miƙa hannu na ce ta ba ni, ai fata ce da takarda, a yanka mu je mu ci kofinmu. Yarinyar da ba ta taɓa musa mini a gaban mutane ba ta dube ni ta ce da Hausa:

"Baba, Kaka ta ce ba a buɗe ta, kuma na ce mata to."

Aka ba ta minti biyar ta yi shawara. Ta tsaya a rana cikin rigar tsere, zufa na zuba, hannu a dunƙule, har mintin suka cika. Yaron da za su kara ya yi gudun ƙarshe shi kaɗai, aka tafa masa. Ban riƙe shi da komai ba, yaron kirki ne, ya zo ma ya ba ta hannu.

Na huɗu, takardar hukuncinku. Ta zo da hatimi biyu, tana cewa an sami wani abu da ake zargin yana kyautata tashin direba, an ƙi yarda a bincika, don haka an dakatar da lasisi har sai an buɗe abin a gaban kwamiti. Ina so ka san irin ɓarnar da jimlar nan ta yi mini. Ƙanena ya fassara wa Hajiya ita a waya. Kafin la'asar unguwarmu ta Damagaram duka ta ji cewa Turawan Faransa sun zauna, sun yi nazari, sun tabbatar a rubuce cewa layar Hajiya tana sa mota gudu. An ce masu kabu-kabu sun yi layi a ƙofar malamin. Hajiya ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni kawai cikin sanyin murya ko Turawan nan su ma ba su yi karatun kimiyyar ba ne. Jayayyar shekara ashirin kuka kashe mini da sa hannu ɗaya, kuma ba ni kuka ba gaskiya ba. Na gode.

Na biyar, na nemi hanyar da ba sai an yanka ba. Sana'ata ke nan, ganin cikin abu ba tare da an farka shi ba. Da izinin Ramatu da na shugaban sashenmu na ɗora layar a kan teburin da muke ɗora karyayyun hannuwa, na ɗauke ta ta fuska uku. Babu ƙarfe, babu waya, babu batir. Na haɗa hotunan da wasiƙata ta biyu. Da na gaji da jira na buga waya, sakatariyarku ta ce kundin doka bai ambaci hoton ƙashi ba, abin da ya ce shi ne a buɗe. Wato na'urar da likita ke dogara da ita kafin ya yanka mutum ba ta isa a dogara da ita kafin a yanka laya ba. Na ce mata abin nan ya ratso filin jirgi biyu ba wanda ya tsayar da shi. Ta ce filin jirgi ba reshen ƙungiyarku ba ne. Wannan kam gaskiya ta faɗa.

Duk wannan abin dariya ne, kuma na yi dariyar tare da masu yi. Ga wanda ba na dariya ba. A allon sakamakon da kuka lika, wanda kowane iyali ke karantawa, gaban sunan 'yata an rubuta kalma ɗaya: maguɗi. Yaran da take raba wa kilishi a fili sun daina amsa saƙonta. Zancen ya bi ta har makaranta. Tun watan Yuni ta lulluɓe motar da tampol, kuma ran Asabar in na ce mu sauka gareji sai ta ce tana da karatu. Ba ta yi kuka a gabana ba, ni kuwa da kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Raina a ɓace yake da ku, kuma a ɓace yake da kaina, domin a ranar da ta fi bukatar uba a bayanta ina can gefen mai almakashi. Rajistar tseren baɗi za ta rufe ƙarshen watan gobe. In ta rufe lasisin yana hannunku, shekara ta tafi, kuma na san 'yata, ba za ta koma wurin da ake kiranta da wannan suna ba.

Kada ka ce ban nemi sassauci ta wancan ɓangaren ba. Na sauke girman kai na roƙi Hajiya, ta ce a buɗe mana, Allah ke tsarewa ba fata ba, za ta sa a rubuta wata. Na kai wa Ramatu albishir ina murna. Ta ce Kaka don tausayi ta faɗa, kuma in aka buɗe yanzu kowa zai ce da can taurin kai ne kawai ya sa ta tsaya a rana.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba shi da yawa. A goge kalmar nan daga gaban sunanta, domin ƙin buɗe abu daban, maguɗi daban, ku ma kun sani. A duba hotunan da na aiko, ko a ba duk likitan da kuka yarda da shi ya sake ɗauka. Kofin kuwa ba ma nema, ya zauna inda yake.

In duk wannan ya saɓa wa kundi, to ga shawarar da ba tawa ba ce, ta Ramatu ce, ita ta ce in rubuta. Ku sa rana. Za mu jawo motar mu zo Lyon, mai bincikenku ya kwance ta har ƙusa ta ƙarshe. Ita da hannunta za ta ba ka layar, a rufe yadda take, ka sa a aljihun rigarka ka tsaya inda za ta riƙa hango ka. Sai ta jera a gaban fitilun sau nawa kuke so, ku auna tashinta da agogonku. In tashinta ya lalace, ku bar kalmar a allo, ba za mu sake damunku ba. In ta tashi yadda ta saba, ku mayar mata da lasisinta da sunanta, ka kuma mayar mata da abinta ba tsaga.

Na tambaye ta ko ba za ta ji tsoro ba in babu komai ƙarƙashin kujerar. Ta ce za ta ji, sosai ma, amma za ta shiga.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kiyaye 'ya'yanka a kan kowace hanya, ya sa kada wata rana a tara jama'a a kan ɗayansu ya waiga ya ga ubansa ya miƙa hannu tare da masu zarginsa. Muna jiran ranar da za ka sa.

Wassalam.

Lawali Mamman,
uban direba mai lamba arba'in da bakwai,
Sevran.